BABI NA HUƊU: WASAN SAMANJA MAZAN FAMA A MA'AUNIN TARIHIN SOJA A KADUNA

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an yi bayanin zubi da tsarin wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama, aka kuma dubi 'yan wasa da irin rawar da kowannensu yake takawa. A wannan babi za a ɗora wasan a kan ma'aunin tarihi, wato a gwada sojan da ake nunawa a cikinsa da sojan da birnin Kaduna ya sani tun kafuwarsa. Dalilin yin haka shi ne, wasan ya daɗe ana kallonsa a talabijin ana kuma sauraronsa a rediyo, har ta kai mutane da yawa, musamman waɗanda ba su taɓa taka ƙofar bariki ba, daga gare shi suka ɗauki hoton soja da ke zukatansu. Saboda haka ya zama wajibi a tambaya: wane ɓangare na tarihin soja wasan ya riƙe, wanne kuma ya bari a waje? Ra'ayin da za a kafa wa hujja a nan shi ne, wasan ya yi nasara ƙwarai wajen adana harshen bariki da matsayin samanja, amma ya yi shiru a kan ita kanta famar da ke cikin sunansa.

4.1 Kaduna, Garin da Bariki ya Haifa

Hausawa kan ce waiwaye adon tafiya. Kafin a yanke wa wasan hukunci, ya kamata a san irin garin da ya fito daga cikinsa. Kaduna ba ta cikin tsofaffin birane masu ganuwa irin su Kano da Katsina da Zariya. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta wajen shekarar 1913, kuma sojoji sun riga ma'aikatan mulki sauka a cikinta, domin sai a 1917 aka maido hedkwatar Lardunan Arewa daga Zungeru. Sojojin nan kuwa na rundunar da Lugga ya fara haɗawa ne a 1897, wadda aka fi sani da WAFF, wato rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Ita ce ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, sannan ta gwabza da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Abin da ya ba ta galaba shi ne igwa da bindigar Maxim mai aman harsasai babu ƙaƙƙautawa, waɗanda dawaki da masu da takubba suka kasa tunkara. Babban titin da ya bi ta gaban otal ɗin Hamdala, wanda aka sauya wa suna zuwa Muhammadu Buhari Way, sunan wannan runduna ya daɗe yana ɗauke da shi, kuma har yau tsofaffin mazauna gari Waff Road suke ce masa.

Duk wanda ya zaga arewacin Kogin Kaduna zai ga cewa soja ya yi wa garin ƙawanya. A Kawo akwai barikin Dalet da hedkwatar Runduna ta Ɗaya. Akwai barikin Ribadu, tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA, wadda aka buɗe a 1964 kafin daga baya a gina mata sabon mazauni a Afaka. Akwai sansanin sojan sama, akwai Asibitin 44, sannan ga unguwar Abakwa da ta tashi a gefen bariki. Ke nan mutanen da suka fara kallon wasan Samanja maƙwabtan soja ne, suna haɗuwa da shi a kasuwa da tashar mota da gidan haya.

A irin wannan gari ne marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a watan Nuwamba na 2023, ya ƙirƙiro Samanja a cikin shekarun 1970, bayan an gama yaƙin basasa. Shi kansa ya sa kaki, ya yi aiki a ɓangaren sadarwa na soja. Don haka abin da ya kawo a dandamali daga cikin ɗaki ya ɗauko shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4.2 Harshen Bariki a Matsayin Shaidar Tarihi

Babban abin da yake ba mutane dariya a wasan shi ne bakin Samanja. Yana magana da Hausar bariki, yana cuɗanya ta da karyayyen Turanci, yana tsawa, yana ba da oda ko a inda oda ba ta da wurin zama. Mai kallo na iya ɗauka cewa gwanintar ɗan wasa ce kawai. Amma idan aka duba da kyau, wannan harshe yana da tarihin da ya kai shekara ɗari kafin a fara wasan.

Tun a 1863, lokacin da John Glover ya tara wasu 'yan Arewa a Legas ya ba su bindiga, Turawa suke kiran sojojinsu na wannan yanki da sunan Hausawa. Sunan ya bi rundunar, ko da yake da yawa daga cikin waɗanda aka riƙa ɗauka ba Hausawa ba ne. Akwai Barebari da Nufawa da Dakarkari da Tibi da Angasawa da Bachama da Tangale da sauransu. Mutanen da ba sa jin yaren juna, aka tara su a layi ɗaya, dole su nemi harshen da zai haɗa su, kuma Hausa ce ta cike wannan gurbi. Hafsoshin Turawa ma an wajabta musu cin jarrabawar Hausa. Umarnin fareti da Ingilishi ake ba da shi, amma bayani da faɗa da hira da ciniki duk da Hausa ake yi. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka ɗauki 'yan Kudu da yawa a matsayin direbobi da makanikai da ma'aikatan asibiti da na sadarwa, Ingilishi ya fara ture Hausa a hukumance.

Daga wannan cuɗanya aka sami abin da masana harshe suke kira barikanci. Alamominsa sanannu ne. Ana zubar da bambancin jinsi, sai a ji mutum ya ce matarsa “ya zo” a maimakon “ta zo”. Ana sassauta baƙaƙe masu ƙugiya, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Sannan ana cusa kalmomin aikin soja na Ingilishi bayan baki ya sarrafa su. Wasu daga cikin kalmomin nan sun fita daga bariki sun zauna daram a daidaitacciyar Hausa, alal misali soja, bariki, hafsa, kurtu, fareti, bataliya, kofur, saje, samanja, kyaftin, manjo, kanar da janar. Bahaushen yau yana faɗinsu ba tare da ya ji baƙuntarsu ba.

A nan ne wasan ya fi cancantar yabo. Littattafan tarihin soja, waɗanda galibinsu da Ingilishi aka rubuta su, suna kawo sunayen bataliyoyi da ranakun yaƙe-yaƙe, amma ba sa iya jiyar da mai karatu yadda sojan yake magana. Wasan Samanja ya yi wannan aiki. Wani abin lura kuma shi ne, shi Pategi Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi. Wato wanda ya fi kowa fito da Hausar soja a dandamali shi ma ɗaya ne daga cikin dubban da Hausa ta zame musu harshen aiki ba harshen uwa ba. Wannan ya dace da tarihin rundunar ƙwarai da gaske. Haka kuma, da wasan ya shiga tashoshin ƙasa baki ɗaya a shekarun 1980, karyayyen Turanci ya ƙara yawa a cikinsa domin waɗanda ba sa jin Hausa. Ko wannan ma hanyar da rundunar ta bi ce wasan ya sake bi, daga Hausa zuwa Ingilishi.

4.3 Matsayin Samanja Tsakanin Hafsa da Kurtu

Abu na biyu da wasan ya dace da shi shi ne zaɓen tauraro. Da marubucin ya so, da ya gina wasansa a kan kanar ko janar, tun da su ne suke riƙe da ƙasa a lokacin. Sai ya zaɓi samanja, kuma tarihi ya goyi bayan wannan zaɓi.

A mafi yawan zamanin mulkin mallaka, muƙamin samanja shi ne ƙololuwar abin da baƙar fata zai iya kaiwa a soja. Hafsoshi duk Turawa ne. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya muƙamin hafsa, kuma sai a farkon shekarun 1950 irin su Zakariya Maimalari suka fito daga makarantar Sandhurst ta Ingila. Kafin nan, duk wata magana da za ta sauko daga Bature zuwa ga kurtu, ko koke da zai hau daga kurtu zuwa ga Bature, ta hannun samanja take bi. Shi ne tafinta, shi ne mai horo, shi ne alƙalin rigimar matan bariki, shi ne kuma uban marasa uba.

Misalin da ya fi fito da girman wannan muƙami shi ne na Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, sojojin Ingila suka kama shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya shiga rundunarsu a 1917. Ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama, ya sami lambobin yabo, ya kai babban samanja na bataliya. Duk da haka sai da ya zo barin aiki a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Samanjan da ke cikin wasan jikan irin waɗannan mutane ne. Yana da iko a kan na ƙasa da shi, yana ƙamewa a gaban na sama da shi, ilminsa na boko bai taka kara ya karya ba, amma ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa. Barkwancin wasan yana fitowa ne daga wannan tsaka-mai-wuya, da kuma yadda yake ɗaukar dokar filin fareti ya kai ta cikin gida da cikin gari, inda farar hula ba su san ta ba. Wannan hoto gaskiya ne, musamman a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa, lokacin da hafsoshi matasa masu takardun makaranta suke ba da umarni ga tsofaffin sojojin da suka girme su a shekaru da kuma aiki.

4.4 Famar da Wasan ya Bari a Waje

Sunan wasan kirari ne. Mazan fama su ne waɗanda suka ga yaƙi da idonsu, suka tsaya. Amma ginshiƙin wasan bariki ne da gida da mu'amala da mutanen gari. Fagen daga ba ya cikin manyan jigoginsa. Idan aka tuna abin da sojan Kaduna ya gani a ƙarni na 20, za a ga girman giɓin. Za a kawo misalai uku.

Na farko shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Hausawa suka fi sani da yaƙin Hitila. A watan Fabrairu na 1941 birged ta 23 ta sojojin Nijeriya ta shiga Mogadishu bayan ta kori sojojin Italiya, daga nan ta nausa arewa har Harar ta ƙasar Habasha cikin wata guda. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, aka tura su ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Miyanma, domin su yaƙi sojojin Japan. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, cikin dazuzzuka da duwatsun da mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka, domin akwai rukunoni na musamman na sojoji 'yan dako. A watan Janairu na 1945 suka ƙwace garin Myohaung. Bataliyoyi uku na Nijeriya kuma, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar Chindit ta Janar Wingate, wadda aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. Sunayen wuraren nan suna nan a ƙofofin barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan. Mutum zai shekara yana wucewa ta gaban barikin Dalet a Kawo bai san cewa sunan wani wuri ne a Bama inda 'yan ƙasarsa suka yi yaƙi ba. Wasan da ya shiga kowane gida yana da damar da zai sanar da shi, amma hankalinsa yana wani wuri.

Na biyu shi ne daren 15 ga watan Janairu, 1966, wanda Kaduna tana cikin garuruwan da aka yi shi. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, babban malami a kwalejin horar da sojoji ta garin, ya fita da sojoji da sunan atisayen dare da aka laƙaba wa suna Damisa, ya kai hari gidan Firimiyan Jihar Arewa da bindigar harbin tankar yaƙi. Aka kashe Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da uwargidansa Hafsatu. A wannan dare aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. Gidan Sardauna shi ne Gidan Arewa na yanzu, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Shi kansa Nzeogwu, da aka kashe shi a kusa da Nsukka a 1967, a maƙabartar sojoji ta Kaduna aka binne shi. Ƙananan sojojin da aka fita da su a wannan dare, da yawansu sun ɗauka atisaye za su. Babu wani al'amari da ya fi wannan tayar da tambayar da ta shafi samanja kai tsaye, wato ina iyakar biyayya ga oda? Wasan ya mai da biyayya abin dariya da abin koyi, bai kai ga wannan tambaya ba.

Na uku shi ne yaƙin basasa, daga watan Yuli na 1967 zuwa Janairu na 1970. Runduna ta Ɗaya, a ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa, ita ta buɗe fagen arewa, ta ci Nsukka, ta shiga Inugu a watan Oktoba na 1967. Runduna ta Biyu ta Kanar Murtala Muhammad ta yi asarar rayuka masu yawa a yunƙurin ƙetare Kogin Kwara zuwa Onitsha, sannan aka yi wa ayarinta kwanton ɓauna a Abagana a watan Maris na 1968. An yi amfani da motoci masu sulke irin su Ferret da Saladin, da jiragen yaƙi ƙirar MiG na Tarayyar Sobiyet. Kafin yaƙin, sojojin Nijeriya kimanin 10,000 ne. Da aka gama sun kai kimanin 250,000. An kira mazan jiya na yaƙin Bama sun sake sa kaki, an kuma ɗauki samari an ba su horon 'yan makonni an tura su daga. Da suka dawo barikoki ba su ishe su ba, sai da yawansu suka watsu a gidajen haya cikin unguwanni. Wannan shi ne ainihin yanayin da aka haifi wasan a cikinsa. Masu kallonsa na farko sun haɗa da matan da mazansu ba su dawo ba, da sojojin da suka dawo da ƙafa ɗaya. Irin waɗannan mutane ba su ne wasan ya sa a gaba ba.

4.5 Dalilan Shirun da Hukuncin Mai Nazari

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilai da za a iya kawowa domin kāre wasan, kuma adalci ne a kawo su.

Da farko, wasan barkwanci ne. Aikinsa ya ba da dariya ya kuma yi gargaɗi cikin raha, kuma ba a neman makoki a gidan biki. Na biyu, gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da suka watsa wasan mallakar gwamnati ne, gwamnatin kuwa ta soja ce daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba a tsammanin tashar gwamnati ta bar ɗan wasa ya tono juyin mulki alhali waɗanda suka yi shi suna kan kujera. Na uku, bayan yaƙi Janar Yakubu Gowon ya shelanta manufar sulhu, ya ce babu wanda ya yi nasara babu wanda aka ci. A irin wannan lokaci, nuna soja a matsayin mutum mai iyali, mai kuskure, wanda za a iya yi wa dariya, hidima ce ga zaman lafiya. Farar hular da ke tsoron kaki ya sami inda zai dara a kansa ba tare da an kai shi gadirum ba, shi kuma sojan ya ga kansa a madubi.

Waɗannan dalilai suna da ƙarfi, amma ba su share giɓin ba. Barkwanci yana iya ɗaukar abu mai nauyi, kamar yadda wasannin gargajiya irin su tashe da wasan gauta suke taɓa masu mulki cikin raha. Abin da aka lura da shi a wasan Samanja shi ne, dariyar tana sauka ne a kan samanja da kofur da kurtu, wato waɗanda suka fi kowa shan wuyar yaƙi, suka fi kowa ƙarancin rabo a mulki. Manyan hafsoshin da suka yanke shawarar juyin mulki da ta yaƙi suna can gefe, ba a cika kai hannu gare su ba. Sakamakon haka, wanda ya san soja ta hanyar wasan kaɗai zai ɗauka cewa matsalar soja ita ce tsawa da gurɓatacciyar Hausa da rashin sanin hannun riga. Tarihi kuwa ya nuna cewa mutumin da ake yi wa dariyar nan shi ne ya ɗauki kaya a ka a dazukan Kaladan, shi ne aka tura ya ƙetare Kwara a Onitsha.

Bisa ga haka, hukuncin da ya dace shi ne a ɗauki wasan a matsayin amintacciyar shaida a kan abu biyu: harshen bariki, da dangantakar ƙaramin soja da na sama da shi da kuma mutanen gari. A kan waɗannan, da wuya a sami wani aikin adabin Hausa da ya kai shi. Amma a kan yaƙi da abin da yaƙi ya bari, dole manazarci ya nemi wasu kafofi, kamar rubutattun waƙoƙin da aka yi a kan dawowar sojoji daga Bama da kan yaƙin basasa, da takardun da ke Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da kuma bakin iyalan mazan jiya.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an gwada wasan Samanja Mazan Fama da tarihin soja a Kaduna, tun daga saukar rundunar WAFF har zuwa bayan yaƙin basasa. An ga cewa Hausar da tauraron yake yi gadon rundunar mulkin mallaka ce, wadda ta tara ƙabilu da yawa a ƙarƙashin harshe ɗaya, kuma muƙamin da aka ba shi shi ne wanda ya daɗe yana riƙe da bariki. An kuma ga cewa yaƙin Bama da daren 15 ga Janairu da yaƙin basasa ba su sami gurbi a manyan jigogin wasan ba, aka kawo dalilan da suka jawo haka da abin da ya haifar ga fahimtar mai kallo. A babi na biyar za a dubi salon sarrafa harshe a wasan dalla-dalla, musamman yadda ake sauya harshe daga Hausa zuwa karyayyen Turanci gwargwadon wanda ake magana da shi.